Ɗana ya daina cin tuwon dare don ya rame kamar 'yan tseren keken Faransa: ramar ce ke kawo gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da ɗa mai shekara 17, ɗan lise (babbar sakandare) ne, Allah ya ɗora masa son tseren keke. Kullum bayan asuba shi da abokansa suna kama hanyar Madarunfa ko ta Tsibiri. Tun da ya kalli Tour de France a talabijin a watan Yuli ya ce duk masu cin gasar ramammu ne, don haka shi ma sai ya sauke kilo biyar. Ya daina cin tuwon dare, da safe shayi kawai yake kurɓa, wani lokaci har leda yake sawa a ƙarƙashin riga don ya yi zufa. Tsawonsa mita 1.74, nauyinsa kilo 61. Uwarsa ta shiga damuwa, ni kuma ban san harkar ba balle in yi masa gardama. Da gaske ramar ce ke kawo gudu? Daga wani uba a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Idon yaron bai yi masa ƙarya ba, mutanen da ya gani ramammu ne. Sai dai talabijin ba ta nuna masa inda ramar take amfani da inda ba ta yi, ba ta kuma nuna masa abin da suke ci.

Tour de France gasa ce ta mako uku, zango 21 da hutun kwana biyu, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Tun 1903 ake yin ta. Irinta biyu ce kawai a duniya: Giro a Italiya da Vuelta a Sifaniya. Wanda ya haɗa lokaci mafi ƙanƙanta a duk zangunan shi ke ɗaukar riga mai ruwan ɗorawa, kuma yawanci a kan duwatsun Alps da Pyrénées ake raba gardama. A nan ne maganar nauyi take shigowa.

Ƙarfin da mahayi yake zubawa a feda ana auna shi da wat, ma'aunin da ke jikin ƙwan lantarki. A hawan dutse yawan wat ɗin kaɗai ba ya wadatarwa, sai an raba shi da nauyin jiki. Mai kilo 60 da ke bada wat 360 yana da wat 6 a kowane kilo. Mai kilo 75 sai ya bada wat 450 kafin ya jera da shi. Manyan masu hawa irin su Tadej Pogačar da Jonas Vingegaard suna riƙe sama da wat 6 a kowane kilo na tsawon rabin awa ko fiye, bayan sun riga sun yi awa huɗu a kan sirdi.

Ɗauki hawan dutsen Alpe d'Huez da ke Faransa: kilomita 13.8, lanƙwasa 21, kuma a kowane mita 100 hanya tana ɗagawa kamar mita 8. Gwanaye suna gama shi cikin minti 40 ko kusa da haka. Idan aka yi lissafi, kilo ɗaya na banza a irin wannan hawa yana cin kusan rabin minti. Kada ka raina rabin minti, Alhaji. A 1989 Greg LeMond ya kayar da Laurent Fignon da daƙiƙa 8 bayan mako uku ana gwabzawa, a gasar mata ta 2024 kuma daƙiƙa 4 ce ta raba Kasia Niewiadoma da Demi Vollering, a kan wannan dutsen aka ƙare. Ga shi kuma ba damar rage nauyin keken yadda aka ga dama, domin tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8. Da aka rufe wannan ƙofar sai ido ya koma kan jikin mahayi. Wannan shi ne tushen matsin da suke ciki.

To yanzu mu dawo gida. Ina dutsen yake tsakanin Maraɗi da Madarunfa? Ko ka miƙe hanyar Tasawa ko ta Ɗan Isa, abin da za ka tarar 'yar gangara ce da ɗan tudu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya abokin gabar mahayi iska ce. A gudun kilomita 40 cikin awa, fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa wajen keta iska yake tafiya, shi ya sa wanda ya laɓe bayan wani yake samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙarin kilo ɗaya a irin wannan hanya bai kai wat ɗaya ba, alhali mahayi yana zuba ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu a keke ya nufi gabas ya san mai cinya da ƙirji ne ke jan ayari, ɗan siriri kuwa iska ke wasa da shi. Tour du Faso, wadda ake yi a Burkina tun 1987, ita ce babbar gasar da ta fi kama da ƙasarmu, kuma galibin zangunanta shimfiɗe suke. Da a ce a Ruwanda mai yawan tsaunuka kuke zaune, inda aka yi gasar duniya a Kigali a 2025, da maganar ta ɗan bambanta, ko da yake ko a can ba zan ba yaro mai shekara 17 shawarar yunwa ba.

Ko a cikin Tour de France ɗin ma ba kowa ne siriri ba. Miguel Indurain ya ci gasar sau biyar a jere, daga 1991 zuwa 1995, yana kusan kilo 80. Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda ya ci zango uku ya ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a 2024, da ƙarfin gudun ƙarshe ya samo su.

Abin da ya fi muhimmanci yaronka ya sani shi ne waɗannan ramammun mutane suna cin abinci kamar ba gobe. A rana guda ta gasa mahayi yana ƙona kalori 5,000 zuwa 8,000, wato ninki biyu ko uku na abin da magidanci yake buƙata. Da safe shinkafa ce ko taliya da ƙwai, kwano cike. A kan keke kuma, a kowace awa suna haɗiye giram 90 zuwa 120 na sukari da sitaci, a ruwan gora da 'yan ƙulle-ƙullen shinkafa da ke aljihun bayan riga. Da sun tsallake layi ana miƙa musu abin sha, a mota su ci, da dare su sake ci. Kowace ƙungiya tana yawo da mai dafa abinci da masanin abinci mai auna komai a sikeli. Dalili shi ne ajiyar sukarin da ke cikin tsoka da hanta ba ta wuce kamar rabin kilo ba, kuma aiki mai tsanani yana cinye ta cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ta ƙare ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu, gwani ya koma kamar ɗan koyo. Gudun da ake gani a shekarun nan ya ƙaru, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masu horarwa suke bayarwa shi ne an koyi ci da yawa a kan keke.

Ramar da ake gani a watan Yuli ma ta ɗan lokaci ce, an shirya ta wata da watanni don makonni kaɗan. A 2025 Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci Paris-Roubaix a watan Afrilu, tseren da ake yi a shimfiɗaɗɗiyar hanya mai duwatsun daɓe, sannan ta sauke kimanin kilo huɗu kafin Tour de France ta mata, wadda ta ci a watan Agusta. Abin ya tayar da ƙura. Ita da kanta ta ce da kulawar masanan ƙungiyarta ta yi, kuma ba nauyin da za ta zauna a kansa ba ne. Vollering, wadda ta zo ta biyu, ta ce ita lafiyarta za ta sa a gaba, tana kuma tunanin 'yan matan da ke kallo. A ganina tsoronta yana kan hanya, kuma wasiƙarka shaida ce: mace mai shekara 33 da likitoci kewaye da ita ta yi abu cikin lissafi, yaro a wata ƙasa ya ga sakamakon kawai.

Akwai kuma waɗanda abin ya ci. Janez Brajkovič, wanda ya zo na tara a Tour ta 2012, ya fito fili ya faɗi yadda ya yi shekaru yana ci yana tilasta wa kansa amai. Labarin da nake so ka ba yaronka kuwa na Jonas Abrahamsen ne, ɗan Norway. Yana matashi ya takura kansa har ya tsaya wajen kilo 60 don ya zama mai hawan dutse, bai kuwa tsinana komai ba, girman jikinsa ma ya tsaya. Da ya koma ci yadda ya kamata sai ya ƙara kusan kilo 20, ƙarfinsa ya ɗaga, a 2025 ya ci zango na 11 na Tour de France a birnin Toulouse.

Abin da ke faruwa a jiki idan aiki ya fi abinci yawa, Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba shi suna RED-S a 2014. Jiki yana yin abin da maigida yake yi idan rumbu ya yi ƙasa kafin kaka: ya rage duk hidimar da za a iya jinkirtawa don a kai labari. Abin da jiki yake jinkirtawa shi ne girma, ginin ƙashi, sinadaran balaga da garkuwar jiki. Yarinya sai al'adarta ta ɗauke, namiji sinadarin mazantakarsa ya sauka. Sai ka ga yaro yana jin sanyi lokacin da kowa ke fifita, mura ba ta rabuwa da shi, barci ya ƙi, fushi ya yi kusa, karatu ya daina shiga. Maganar ƙashi ta fi damuna. A shekarun da ɗanka yake ciki ne mutum yake tara mafi yawan ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi, keke kuma wasa ne da ba ya ɗora wa ƙashi nauyi, shi ya sa ko ƙwararru ake yawan samun su da ƙashi marar ƙwari. In aka haɗa da yunwa, faɗuwar da ya kamata ta tsaya a ƙujewa sai ta zama karaya. A kilo 61 da tsawon mita 1.74 yaronka ba shi da abin saukewa. In ya koma 56 ya isa bakin iyakar da ko babba ne ake cewa ya rame, shi kuwa bai gama girma ba. Kuma abin da zai zube ba kitse kaɗai ba ne, har da tsokar da ke juya fedar.

Leda kuwa a cire ta yau. Abin da take fitarwa ruwa ne da gishiri, da ya sha ruwa kilon ya dawo. Rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya rage ƙarfi, a zafin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da Maraɗi ke haura digiri 40, tana iya kai mutum ga suma ko ciwon ƙoda. Haka duk wani shayin rage ƙiba ko ƙwayar sa fitsari da masu tallar magani ke yawo da su. Ka kuma sa ido kan tiramol, don yaron da ke horo da yunwa shi ne abokai ke cewa ga abin da zai ɗauke masa gajiya. UCI ta hana shi a gasa tun 2019, a kansa ne aka soke sakamakon Nairo Quintana na Tour ta 2022.

Abin da zai ci duk yana gidanka. Kafin ya fita, kunu ko fura mai ɗan kauri, ko burodi da shayi mai madara da sukari. In tafiyar za ta wuce awa ɗaya da rabi, ya sa dabino a aljihu ya riƙa cin uku ko huɗu duk rabin awa, gora biyu, ɗaya da ɗan sukari da ɗan gishiri. Da ya dawo kada ya wuce awa ɗaya bai ci ba: shinkafa da wake, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli, duk abin da ya samu. Tuwon dare ya dawo, domin shi ne man fitar gobe da asuba. In azumi ya zo ya sassauta horon, ya mai da mai wuyar bayan buɗa-baki.

Kada ka ƙwace keken, Alhaji, kuma kada a mai da akushi filin faɗa. Yaron da aka tsare da ido yana iya ci a gabanka ya je ya amayar. Ka bi ta inda zuciyarsa take, wato gudu. Ku yi yarjejeniya ya ci sosai na mako shida, ya riƙa auna lokacinsa a hanya guda, daga fitar gari zuwa Tsibiri misali, a sa'a guda ta safiya, ya rubuta a littafi. Agogo zai yi masa bayanin da ba zai karɓa daga bakina ko naka ba. Sikeli kuma a ɗauke shi daga ɗakinsa.

Ko ya yarda ko bai yarda ba, ka kai shi asibiti a auna jininsa. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna rage jini, ƙarancin jini kuwa yana kashe gudu fiye da kowane kilo, kuma ba kowace rama ce ta ƙin abinci ba, gara a duba. In kuma kun lura yana shiga bayi da zarar ya gama ci, ko yana ɓoye abinci, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko ya ci gaba da zubewa duk da maganar da kuka yi, to abin ya wuce son keke. Ka faɗa wa likitan wannan ƙarara, kuma a bar mahaifiyarsa ta yi bayani, don ita ta fi sanin abin da ke dawowa a kwano.