Kayana sun jiƙe a teku, zan iya sa a tsare jirgin?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato. Na yi odar kwantena ta yadi daga Sin, da muka buɗe a shago sai muka tarar ruwa ya lalata kusan rabi. An ce bashi yana bin jirgin ruwa ko an sayar da shi. Haka ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Akwai bashin da ke manne wa jirgi, amma naka ba ya ciki. Dokar shari'ar teku ta Najeriya ta 1991 ta ware iri huɗu: ladan ceto jirgi, ɓarnar da jirgin ya yi wa wani abu a wajensa (kamar karo da wani jirgi), albashin kyaftin da ma'aikatansa, da kuɗin da kyaftin ya kashe don jirgin. Su ne ke bin sa hannun duk wanda ya saya, kuma suna gaban bankin da aka jinginar masa da jirgin.

Naka haƙƙin daga yarjejeniyar dako ya fito. Babbar Kotun Tarayya, wadda ita kaɗai ke da hurumi, za ta iya tsare jirgin, amma sai idan wanda ke da alhakin har yanzu shi ke da jirgin, ko shi ya yi hayarsa kacokan, ranar da ka shigar da ƙara. Idan an riga an sayar, ka makara. Sai kuma jirgin ya shigo ruwanmu, saboda haka lauyan Legas kake buƙata. Galibi ba a kai ga gwanjon jirgin. Masu inshorar jirgin kan ba da takardar lamuni a sake shi. In kuwa aka tsare shi babu hujja mai ƙarfi, kai za ka biya diyya.

Abin da ya fi damuna shi ne buɗe kwantenar a Sakkwato. Daga Apapa zuwa nan tafiyar kwanaki ce, kamfanin jirgi zai ce a tirela ruwan ya shiga. Ƙa'idojin Hambug, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan dakon kaya a teku, sun ba da kwana 15 a rubuta ƙorafin ɓarnar da ba ta fito fili ba, shekara 2 kuma a kai ƙara. Idan ƙa'idojin Heg, wata yarjejeniyar makamanciyarta, ne takardar lodinka ta ambata, kwana 3 ne da shekara 1. Ka rubuta ƙorafin yau, ka ɗauki hoton hatimi da rufin kwantenar, ka sa mai kimanta ɓarna ya gwada yadin ko akwai gishiri, alamar ruwan teku ne. Sannan ka duba sunan wanda ya fitar da takardar lodin. Idan dillali ne, shi za ka fara bi.