Tambaya da Amsa: Yarona Ya Ƙi Littafin Hotuna

Tambaya: Salam Anti, ni uwa ce a Gwammaja, yarona shekararsa 5, in ba katun a waya ba babu abin da ya sani. Na sayo masa littattafan hotuna na dabbobi da itatuwa ko Allah zai sa ya so fita waje, amma duk ƙanƙara ce da dazukan Turai a ciki, sai ya buɗa ya ajiye. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi. Gaskiya ban ga laifin yaron ba, kin ba shi hoton abin da bai taɓa gani ba kuma ba zai gani a ƙofar gida ba, to da me zai haɗa shi? Yaro ɗan wannan shekarun abin da ke kama shi shi ne ya ga ƙadangare a takarda, ya waiga ya gan shi a jikin katanga yana kaɗa kai, ya ce Umma ga shi can!

Kar ki zubar da waɗancan, amma in za ki sake saye ki duba mai rubutu kaɗan, hoto babba, da dabbobin da muka sani. In bai samu ba, wallahi ku yi naku, wayar nan da yake maƙale mata ita za ta yi aikin. Ku fita da yamma in rana ta yi sanyi, ki bar shi ya ɗauki hoton darbejiya, tsamiya, balbela tana bin shanu, layin tururuwa, ki kai inda ake firintin su fitar miki, ku manna a littafin rubutu ki sa sunan kowanne da Hausa a ƙasa.

Kuma Kano ba ta rasa abin nunawa ba fa. Gidan Zoo na Audu Bako yana nan, ga Dutsen Dala da in kun hau zai ga gari a shimfiɗe. Amma wanda na fi so ki nuna masa shi ne gawo, in kun bi hanyar ƙauye za ku gan shi tsakiyar gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ya yi kore, sai rani ya yi shi kuma ya fito da nasa, shi ya sa manoma ba sa sare shi, gero na samun rana a ƙarƙashinsa ga takin ganyen. Ku ɗauke shi a watan Agusta, ku koma a Janairu, ki ajiye hotunan biyu a shafi ɗaya ki ji irin tambayoyin da zai jero miki. Haka ma shamuwa, zuwanta alamar damina ta matso ce, ki ce shi ne mai gadin ganinta a bana.

Ki sa masa takalmi rufaffe saboda kunama da ƙaya, kuma da damina kar ki saki hannunsa kusa da kududdufi ko babbar kwata.