Amsa ga mai tambaya kan itatuwan waje da ake dasawa cikin gari

Salam 'yan uwa. Ɗan'uwanmu ya tambaya ko mutanen kartiye, wato unguwa, su ƙi itatuwan waje da ake son dasa musu bakin hanya su ce sai na gida, tunda zafi sai ƙaruwa yake. To malam ga nawa, ni dashe nake reno ina sayarwa a nan Marwa ta arewacin Kamaru tun ina saurayi.

Wallahi mutanenmu ba ruwansu da asalin itace. Ban taɓa jin mai saye ya ce daga wace ƙasa wannan ya fito ba, tambayar kullum ita ce yana saurin girma, yana da inuwa, akuya na ci? Dogon yaron nan da ya rufe titunan Marwa ai ɗan Indiya ne, zamanin Turawa aka shigo da shi, aka ƙara baza shi lokacin shirin dasa itatuwa na Sahel Vert a shekarun 1970 zamanin shugaba Ahidjo, aka sake tada shirin a 2008. Mangwaro ma daga Indiyan yake. Amma je ka ce wa tsohuwar da ke tafasa ganyen dogon yaro in jikanta na zazzaɓi, ko mai karya reshe ya yi asuwaki, wai wannan baƙo ne a sare, ka ga abin da zai biyo baya. A watan huɗu da zafi ke wuce digiri 40 a ƙarƙashinsa mai shayi da mai gyaran babur da masu jiran sallah duk suke fakewa, kuma ba ya zubar da ganye duka lokacin da ake bukatarsa. Yana da nasa laifin, saiwarsa na tsaga katanga in an dasa kusa da gini, jemagu da tsuntsaye na watsa 'ya'yansa ya tsiro inda ba a gayyace shi ba.

Inda nake da magana shi ne na kwalliya, su ne yanzu masu sabbin gidaje ke rububi. Akwai wannan mai rassa hawa-hawa kamar laima, ɗan Madagaska ne, da filamboyan mai jan fure shima daga can. Kyau kam akwai, amma filamboyan da rani tsirara yake tsayawa, sai dab da damina ya yi fure, to inuwar wa zai yi? Mai hawa-hawan kuma in ba ka da pampo a gida kar ka wahalar da kanka. Itacen turare na Ostareliya shan ruwa gare shi, ni ba na ba wa mai rijiya a tsakar gida shawarar dasa shi, in wuri mai dausayi ne ko ana son sandunan rufi to wannan daban. Prosopis kuwa, ƙayar nan da aka kawo daga Amurka ta Kudu don tare hamada, tambayi mutanen bakin tafkin Cadi yadda ta cinye musu gonaki da hanyoyin ruwa.

Na gidan fa da ake ta yabo? Su ma mu ne ke gudunsu, gaskiya ɗaya ce. Ka miƙa wa mutum tsamiya ko kuka kyauta ya ce a'a malam, ba ya son itacen iskoki a ƙofar gida, wani kuma ya ce sai jikokinsa za su sha inuwar. Aduwa da magarya a ce ƙaya, yara za su taka. Maɗaci namu ne kuma yana yin itacen titi mai kyau, amma dubi tsofaffin da ke cikin gari, duk an ɓare musu ɓawo don magani har wasu sun bushe a tsaye. Gawo ne nake jin takaicin yadda aka bar shi a gona kawai, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, ga 'ya'yansa abincin dabbobi.

Don haka in ni ne ku ba zan ce a'a ba, kuma ba zan karɓi duk abin da aka sauke daga mota ba. Ku ce a gauraya, dogon yaro don a samu inuwa da wuri, a tsakaninsu a sa maɗaci da tsamiya da gawo su taso a hankali, tunda iri ɗaya in cuta ta shigo duka za ta kwashe. Na kwalliya a bar su a rampuwen, wato shataletale, inda ake ban ruwa.

Sannan ku tambaya tun yanzu wa zai ba su ruwa a ranin farko da na biyu, don yawancin dashen da na gani sun mutu ƙishi da akuya ne suka kashe su. A dasa cikin watan bakwai da ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya ko tsohon bulo, kowane itace a damƙa shi hannun mai gida ko mai shagon da ke gabansa, ko ruwan alwala da na wanke-wanke aka riƙa zuba masa zai kai damina.