Jaririna yana zabura a jere da zarar ya tashi daga barci

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana watansa biyar. Mako uku ke nan, da ya farka sai ya sunkuyar da kai farat ɗaya, ya dunƙule hannu da ƙafa, ya saki, ya kuma, har sau goma ko fiye, sannan ya fashe da kuka. Kakarsa ta ce murɗar ciki ce. A kemis an ba mu finobabiton, babu sauyi. Ya ma daina yi mini murmushi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Maganarki ta ƙarshe ita ta fi tayar mini da hankali. Murɗar ciki ba ta ɗauke wa yaro murmushi. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wata farfaɗiyar jarirai mai tsanani da ake kira ciwon West, da sunan likitan Ingila William West, wanda ya bayyana ta a 1841 bayan ya gan ta a jikin ɗan cikinsa. Ta fi kama yara tsakanin wata 3 zuwa 12. Kowace zabura daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, babu kumfa, babu faɗuwa, shi ya sa ake raina ta, alhali ƙwaƙwalwar tana cikin hargitsi har a lokacin da yaron yake kwance lafiya lau.

Ki ɗauki bidiyonsa da waya idan abin ya taso, don da wuya ya yi a gaban likita. Ki kai shi sashen yara na asibitin koyarwa cikin makon nan, kada a ce sai ya ƙara wayo. Za a yi masa gwajin EEG, mai auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, a kuma duba abin da ya jawo ciwon: doguwar naƙuda da ta hana shi kuka da wuri, ko sanƙarau, ko wata cutar gado mai sa fararen tabo a fata, siffar ganye.

Finobabiton ba maganin wannan farfaɗiyar ba ne, kabamazafin kuwa, wani maganin farfaɗiya, yana iya ƙara ta. Amma kada ki tsayar da wanda yake sha kwatsam, likita ne zai rage shi. Abin da ke aiki shi ne firednisolon mai yawa na mako 2 sannan a janye a hankali, ko allurar ACTH, ko bigabatirin, wanda ya fi dacewa da masu fararen tabon nan, sai dai yana iya taɓa gani. Firednisolon ya fi araha da sauƙin samu a wajenmu, amma ba na saye a kemis ba ne: yana hawar da jini, yana raunana garkuwar jiki, yaro ya yi ta rigima da ci. Dole a riƙa auna shi, a ɗage wasu alluran rigakafi, kuma ko ɗan zazzaɓi ya yi ki koma asibiti a ranar.

A yi masa addu'a, amma ban da hayaƙi da ɗura. Idan jijjiga ta wuce minti 5, ki kwantar da shi a gefensa, kada ki sa masa cokali a baki, ku wuce sashen gaggawa.