Kashin karena ya koma baƙi bayan layya, abin tsoro ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Daga Tawa nake. Ina da kare mai gadin garken awakina, shekararsa 3. Bayan layya kashinsa ya koma fari kamar alli, da ƙyar yake fita. Yau kwana biyu kuma ya zama baƙi ƙirin. Da na ga yana ɗingishi na ba shi ibuprofen har sau uku. In jira ko in kai shi asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka jira, kuma daga yau kada ka ƙara masa wannan ƙwaya.

Farin bai tayar mini da hankali ba. Kashin lafiyayyen kare ruwan ƙasa ne, kuma ruwan matsarmama da hanta ke yi ne ke rina shi haka. Idan kare ya cika ciki da ƙasusuwan rago, kamar yadda ake zuba musu a kwanakin layya, sai kashin ya fito fari, busasshe, yana marmashewa, har ka ji dabbar tana kuka wurin yunƙuri. A daina ba shi ƙasusuwa, a wadata shi da ruwa, yakan daidaita.

Baƙin ne abin dubawa. Karen da ya lashi jini a wurin yanka ko ya ci hanta da yawa zai iya yin kashi mai duhu kwana ɗaya ko biyu, amma a dunƙule, kuma yana nan da kuzarinsa. Wanda muke tsoro shi ne baƙi mai danƙo da sheƙi kamar narkakkiyar kwalta, mai ƙarni da wari na daban. Wannan jini ne da ya zuba daga tumbi ko farkon hanji, ya narke a hanya kafin ya fito. Ibuprofen, diklofenak da aspirin, waɗanda muke saye a tebur mu sha ba komai, suna cinye wa kare bangon tumbi su buɗe gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. Na san tausayi ne ya sa ka ba shi, amma maganin nake zargi.

Ɗebi kashin kaɗan da tsinke ka shafa a farar takarda, ka ɗiga ruwa. In gefen ya yi ja-ja, jini ne. Sannan ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Ya kamata ya zama ja mai haske, in ka danna da yatsa launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. In ya yi fari fat, jini ya tsiyaye sosai. Ko ma me ka gani, kai shi wurin likitan dabbobi yau, ka tafi da kwalin maganin da ɗan kashin a leda.

Tun da an taɓo zancen: ɗan jan jini sau ɗaya a kan kashi mai tauri, sau da yawa tsinin ƙashi ne ya karce masa hanji. Amma kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba, mai amai da zawon jini, parbo ce, wato cutar da ke cin hanjin 'yan kwikwiyo, har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ƙarin ruwa cikin gaggawa ke ceton su, rigakafinta kuma daga sati 6 zuwa 8 ake farawa. Koren kashi yawanci ciyawa ce, sai dai in an zuba maganin ɓera mai launi a gidan, wanda zubar jininsa kan bayyana bayan kwana 3 zuwa 5. Rawaya ko ruwan toka da ya wuce kwana biyu, musamman in ido ya yi shawara, a binciki hanta. Fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa kuwa gutsattsarin tsutsar ciki ne.

Ɗingishin ma a nuna wa likitan. Akwai maganin ciwo da aka yi domin karnuka, sai dai ba za a fara masa ba sai tumbin ya warke. Allah ya ba shi lafiya.