Amsa: me "6 Transistor" ke nufi a jikin tsohon rediyon aljihu?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka tsinci ƙaramin rediyo a cikin kayan marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa, an rubuta "6 Transistor" a fuskarsa, kuma ka sa batir amma ba FM ba BBC, sai shuuu. Na daɗe ina gyaran irinsu, bari in faɗa maka abin da hannu ya koya mini.

Lambar nan tana nufin yawan taransistocin da ke cikinsa, wato ƙananan na'urorin da ke ƙara wa sigina da sauti ƙarfi, kuma talla ce ta wancan zamani, lokacin da taransista ke da ɗan karen tsada. Rediyon aljihu mai taransista na farko da aka kai kasuwa, Regency TR-1, ya fito ne a Amurka a ƙarshen 1954, haɗin gwiwar Texas Instruments da wani kamfani a Indianapolis mai suna IDEA. Taransista 4 kacal suka sa masa don a rage kuɗi, duk da haka dala 49.95 ake sayar da shi. Batirinsa mai bolt 22.5 ne, ba ya wuce awa 20 zuwa 30, muryarsa kuma siririya. Dalili kuwa, taransista ɗaya ce ke tura sifika, kuma tana jan wuta daidai wa daida ko ka ƙure murya ko ka rage.

A nan Japanawa suka yi musu wayo. Sony TR-63 na 1957 yana da guda 6 da batir mai bolt 9: ɗaya na sauya mitar tashar da aka kamo, biyu na ƙara mata ƙarfi, ɗaya na ɗaga sauti, biyun ƙarshe kuma suna karɓa-karɓa wajen tura sifika, kowace da rabin aikinta. In murya ta yi ƙasa, cin wuta ma ya yi ƙasa. A ganina shida ɗin nan ita ce daidai. Daga baya wasu kamfanoni sun riƙa liƙa taransistocin da ba sa aikin komai don dai a rubuta 10 ko 12, saboda haka kada yawan lamba ya ruɗe ka.

Batun tasha kuwa, yawancinsu matsakaicin zango kaɗai suke kamawa, babu FM, babu gajeren zangon da muka saba jin BBC da DW. Eriyarsa wani baƙin sanda ne a ciki da aka naɗe da siririyar waya, shi ya sa sai ka juya rediyon gaba ɗaya kafin murya ta fito. Ka gwada da dare, lokacin ne tashoshin nesa ke shigowa.

Tunda yana shuuu, da ransa. Ka fara da kankare tsatsar gidan batir, sannan a canja kafasitocin nan masu kama da ɗan ganga, don su ne ke bushewa. Kada ka juya kan batir ko da wasa. Taransistocin da sinadarin jamaniyam aka yi su, ba sa son zafi, mai gyara ya riƙe ƙafarsu da filaya kafin ya ɗora dalma. Za ka kuma ga wasu ƙananan gwangwanaye masu kan sukurun a sama, galibi an saita su a kan kilohaz 455 tun daga masana'anta. Don Allah kada kowa ya murɗa su. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini a mace, wani ne ya ɗauka kusoshi ne suka kwance ya bi su ya ɗaure.