Amsar tambayar Yaya kan kabewar Amurka

Yaya barka da kaka, ya su Inna? Na ga bidiyon da kika turo na turawa suna ƙwaƙule kabewa suna yi mata ido da haƙora, kina tambaya wai mu ma haka muke wulaƙanta abinci a Shikago. Toh wallahi mu Hausawan nan ba ruwanmu da wannan, bikinsu ne da suke kira Halowin ranar 31 ga Oktoba, su sa kyandir a ciki su ajiye a bakin ƙofa har ta ruɓe. Ni ma abin yana min ciwo, amma ki sani irin waccan ƙatuwar don ado ake nomanta, duk ruwa ce da zare-zare, ko kin sa a tukunya salam za ki ji ta, ba ta kama ƙafar wadda kike shukawa a bayan danga nan Ringim ba.

Mu in za mu yi taushe shagon 'yan Meziko muke zuwa, suna yanka ta gutsure-gutsure kamar yadda ake yi a kasuwar ƙauye, mai jan ciki da gari sosai, in ba a samu ba akwai wata mai dogon wuya da ake samu ko wane kanti, tana da zaƙi kaɗan amma tana narkewa yadda ake so. Gyaɗa kuma ba mai daka a turmi, niƙaƙƙiya ce a kwalba, sai dai ki duba da kyau kar ki ɗauko mai suga miya ta lalace. Alayyahu akwai irin nasu, yakuwa ce wahala, wasu matan lemon tsami suke ɗan matsawa, ni dai ban yarda da wannan ba, taushen da ba yakuwa ai rabin taushe ne. In Halowin ya wuce kabewa tana araha, sai mu sayo da yawa mu fere mu dafa mu ƙulla a leda mu jera a firiza, ita za ta kai mu har azumi, ranar suna ko sallah a yi waina ko tuwon shinkafa kowa ya zo da kwanonsa. Jiharmu ta Ilinoi ma ita ce kan gaba wajen noman kabewa a duk Amurka, har ta gwangwani suna yi.

Abin da zai ba ki mamaki, asalinta daga wannan ɓangaren duniyar ne. A wani kogo a kudancin Meziko an tono 'ya'yanta na wajen shekara 10,000, kuma sai bayan 1492 jiragen ruwan turawa suka fara tsallakawa da ita, tare da masara da rogo da gyaɗa da barkono. Mutanen asalin ƙasar nan tare da masara da wake suke shukata, ganyenta ya rufe ƙasa ya hana ciyawa ya riƙe laima.

Su turawa a ƙarshen Nuwamba suna dama ta da madara da ƙwai da suga da kirfa su gasa, yaranmu da aka haifa a nan suna so, ni kam cokali biyu ya ishe ni.

Batun amfani kuma, jan nan na cikinta jiki yana mai da shi bitamin A, maganin dundumi ne kuma yana taimakon yara, amma sai da maiƙo jiki yake ɗauka sosai, kinga gyaɗa da man jan taushe ba a banza suke ba. 'Ya'yan ma ki daina zubarwa kaji, ki wanke ki shanya ki soya da gishiri, a nan da tsada ake sayarwa.

Dan Allah in mai zuwa ya samu ki aiko min busasshiyar yakuwa da daddawa, amma kar ki sa iri, a filin jirgi za su ƙwace.